Motar da Take Mutuwa a Hannun Buba

Ku da kuke zuwa bakin garejina kuna tambaya wata nawa mutum zai yi ya iya wayarin ɗin mota, ku matso ku ji. Ɗayanku har ce mini ya yi ya riga ya kalli rabin aikin a wayar salula, hannu kawai ya rage masa. To, sannu da ƙoƙari. Ni a ƙarƙashin dashbod gashin kaina ya yi fari, kuma har gobe akwai motar da za ta shigo ta sa in zauna in yi tagumi. Ku kuwa kun gama a waya.

Motar da ta mutu murus ba ta ba ni tsoro. Ko batir ne, ko fiyus, ko waya ce ta tsinke, za ka bi ka samu, don abin da ya lalace yana nan a lalace yana jiranka. Wadda take bambanta rewaya na gaske, wato mai gyaran wutar mota, da mai ɗaure-ɗauren waya ita ce mai mutuwa tana tashi. Ta mutu a daji da fasinja, a jawo ta gareji da igiya, ka murɗa makulli ta tashi garau kamar ba ita ba. Mai ita yana kallonka, kai kana kallonta, ita kuma tana ta aikinta. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Aikin farko da maigidana Baba Gimba ya ba ni, Allah ya jiƙansa, ba a jikin mota ba ne. Wata ƙonanniyar wayarin ya jefo mini a gindin darbejiyar da yake aiki, ya ce in warware ta in ware kowace waya da launinta, in gaya masa inda ta fito da inda za ta. Na daɗe a kan wannan tarkace har yatsuna suka yi kanta. Da na gama sai ya ba ni ƙwan gwaji, wato ƙwan fitilar mota da aka haɗa masa waya biyu. Ka ɗora ɗaya a kan wayar da kake zargi, ɗaya a jikin ƙarfen mota, idan akwai wuta ya kama, idan babu ya yi maka shiru. Shi ne kayan aikina na farko, kuma har yau ina da mita, ina da filaya da sukudireba kala-kala, amma idan aka ce in ɗauki abu ɗaya in gudu, shi zan ɗauka. Bayansa sai ƙarfen dalma. Baba Gimba ba ya yarda a murɗa waya biyu da hannu a naɗe da salatif a ce an gama. Yakan ce wayoyin da ba a sa musu dalma ba, ba haɗa su aka yi ba, gaisawa kawai suka yi. Idan ya kama ka ka yi haka, da wayar zai zane ka.

A zamanin da na koyi aiki motoci masu kafireta ne, famfon mansu a jikin inji yake, babu ruwansa da wuta. Da motoci 'yan Kwatano masu injekta suka cika gari, sai famfo ya koma cikin tanki, ya zama ba ya motsi sai da wuta. Wutar tana tasowa daga batir, ta bi ta fiyus, ta bi ta rile, wato ɗan akwatin da yake buɗe mata hanya idan ka murɗa makulli, sannan ta kama doguwar waya ta ƙarƙashin kafet har zuwa ƙasan kujerar baya inda famfon yake. Sai wayar as, wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota. Duk inda aka sami matsala a wannan tafiya famfo zai yi shiru, kuma shi za a zaga.

Wata akori-kura da take ɗaukar tumaki daga kasuwar dabbobi ta taɓa zuwa mini fiyus ɗinta yana yawan ƙonewa. Direban ko gaisuwa bai gama ba ya ce, "Oga, ba bincike na zo ba, dayarek kawai za ka haɗa mini." Wato in tsallake fiyus da rile in kai wa famfo wuta kai tsaye. Na ce masa fiyus ba ya ƙonewa don nishaɗi, akwai wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe, ya ba ni lokaci in nemo ta. Ya ce lodi yana jiransa. Ya tafi wajen wani da ya yi masa abin da yake so, ya dawo ta gabana yana danna hon don in gani. Ba a jima ba na ga gangar jikin motar a bakin hanya, baƙi ƙirin, ko taya babu. Allah ya sa ba a rasa rai ba. Irin waɗannan kwastomomi su ne suka fi yawa. Kowa ya zo da ciwonsa da maganinsa a baki, kai dai ka zama hannu.

Shekarar da fetur ya yi tashin gwauron zabi ita ce mafi muni da na gani a wannan sana'a. Masu motoci suka jingine su a gindin bishiya har tayoyi suka sace. Mu a gareji sai zaman kore ƙuda. Wasu abokan aikina suka koma ɗaura sola, wani ya buɗe wajen cajin waya. Direbobin haya da suka daure suka ci gaba da fita ba sa iya cika tanki, ɗan abin da za a zuba a galan wajen 'yan bumburutu shi ke nan. Famfo kuwa man da yake ciki shi ne yake sanyaya shi. Ka bar shi a tanki marar mai yana zuƙar iska da dattin ƙasa, zai yi zafi ya ƙone. Don haka a shekarar famfuna sun mutu da gaske, ba kaɗan ba. Shaguna suka cika da masu araha, kuma duk wanda ya mallaki sukudireba ya zama likitan famfo. Mota ta yi tari, famfo. Mota ta ƙi tashi da safe, famfo. Har wanda hon ɗinsa ya daina yi, da ya tsaya da kyau da an sayar masa.

A wannan shekarar Buba ya kawo mini wagon ɗin da yake tuƙawa. Buba Bafulatani ne, mahaifinsa ya sayar da ragowar shanunsu suka zauna a unguwar Dogo Tebo a nan Potiskum tun yana ƙarami. Dogon mutum ne mai jiki, sai ya sunkuya yake shiga rumfata. Motar ta Alhaji Sabo ce, wani mai sayar da hatsi a kasuwa, asalinsu Kanawa. Buba ya daɗe yana yi masa haya da ita tsakanin Potiskum da Damagum, wani lokaci Gadaka, kuma da ita yake ciyar da matarsa da 'ya'yansa da tsohuwarsa. Na san shi direba ne mai kula, don ba ya barin ko ƙwan sigina ya kwana a mace.

Ya tsuguna muka gaisa, sannan ya ce, "Baba Garba, motar nan za ta raba ni da abincina."

Na ce ya ba ni labari daga farko, kada ya gaya mini abin da yake zato, abin da ya gani kawai nake so.

Ya ce tana cikin tafiya lafiya sai ta fara shaƙewa, ya taka totur babu amsa, ta mutu. Ya murɗa makulli inji ya yi ta juyawa ba ya kamawa. Wani direba ya koya masa ya sauka ya sami dutse ya bubbuga ƙasan tanki. Da ya yi haka ya dawo ya zauna, yawanci sai ta tashi. Wani lokaci ta yi kwanaki ba ta yi ba, wani lokaci kafin ya isa Damagum ta yi ta maimaitawa.

Garejin farko da ya je, da suka ji zancen dutse ko bonet ba su buɗe ba, suka canja famfo. Ta sake mutuwa. Na biyu suka ce ai na farko jabu suka saka masa, suka canja wani. Ta sake mutuwa. Aka kai ta wajen mai kwamfuta, ya jona na'urarsa ya daddanna, ya ce motar lafiyarta ƙalau, amma tunda an zo a canja rile. Ta sake mutuwa. Daga nan sai Alhaji ya ba Tasi'u, ƙanin matarsa, ya ce ya gwada ta. Tasi'u ya je Damaturu ya dawo ko tari ba ta yi ba. Alhaji da kansa ya zagaya gari da ita, lafiya lau. Aka mayar wa Buba, washegari ta mutu da fasinja a tsakiyar rana.

To kun san bakin tasha. Wasu suka ce jininsa da na motar ne bai haɗu ba. Wasu suka ce jifa aka yi masa. Masu mugun baki suka ce da gangan yake kashe ta don ya yi wata harkarsa ya ce wa Alhaji mota ce ta lalace. Idan layi ya zo kansa, fasinja su leƙo su ga shi ne, sai su sauke kayansu su jira ta gaba.

"Jiya Alhaji ya kira ni gaban shagonsa," in ji Buba. "Ya ce idan ta ƙara mutuwa a hannuna in kawo masa makulli. Wallahi Baba, ban taɓa cin amanarsa ba."

Na fara da abin da ya kamata a ce an fara da shi tun a garejin farko. Na ɗage kujerar baya na kara kunnena a murfin tanki, na sa aka murɗa makulli. Famfo ya yi ɗan kukansa na farko, zuuu, ya tsaya, yadda lafiyayye yake yi. Na zare soket ɗinsa na duba ko ya yi kore ko ya narke, tsaf yake. Na kwance wayar as na goge wurin da sanfefa duk da ban ga tsatsa ba. Na ciro fiyus na duba ƙafafunsa, na girgiza rile inji yana aiki, na bi wayoyin da hannuna ya kai ina jijjiga su. Na bar motar a kunne cikin rana har fanka ta yi ta kamawa tana saki, ko zafi ne yake tayar da ciwon. Babu abin da ya motsa.

Na tambayi Buba ina tsofaffin famfunan da aka cire. Ɗaya yana but, an naɗe shi a leda. Na kai shi can nesa da mai na taɓa masa batir, ya ɗauki juyi kamar sabo. An bar jaki ana dukan taiki, kuma kowane mai dukan an gode masa an yi masa addu'a.

Irinku a nan za ku ce wa mutum ya tafi, idan ta sake yi ya dawo. Buba ba shi da wannan damar. Ciwon ba ya zuwa gareji, don haka na ce ni zan bi shi inda yake zuwa. Na haɗa ƙwan gwaji biyu. Ɗaya na jona shi a bakin rile, inda wuta take fita zuwa baya. Ɗayan na jona shi a soket ɗin famfo, inda wutar take isa, na ja wayarsa har gaba na ɗaura masa jan ƙyalle don kada in rikita su. Na liƙa su biyun a kan dashbod. Idan na baya ya mutu na gaba yana ci, matsalar tana tsakani. Idan duka suna ci mota ta mutu, to a lokacin ne zan yarda a zagi famfo.

Buba ya dubi ƙwayayen. Ya ce, "Baba, idan ta mutu fa?"

Na ce, "Mutuwar nake nema. Idan ba ta mutu a gabana ba, babu abin da zan iya yi maka."

Da safe muka kama hanyar Gadaka, ina kujerar gaba. Ba mu shiga tasha ba, a bakin hanya muka ɗebi waɗanda ba su san labari ba, wasu dillalan shanu biyu da wata tsohuwa mai buhun kuɓewa busasshiya. Tsohuwar ta ga ƙwayaye suna ci da rana ta ce, "Malam, wannan fitilu fa? Amarya za mu ɗauko?" Na ce mata marar lafiya muke jinya. Ta ce Allah ya ba shi lafiya, ta gyara zama.

Mun yi nisa babu abin da ya faru. Idona yana kan dashbod har ya fara ruwa. Buba yana tuƙi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, yana kauce wa kowane rami. Na ce masa ya daina lallaɓa ta, ya tuƙa yadda ya saba. Ya ƙara mai. Muka faɗa wani rami, mota ta yi tsalle ta dire, sai na ga ƙwan mai jan ƙyalle ya yi ƙyaf-ƙyaf ya ɗauke, na gaba yana nan yana ci. Inji bai mutu nan take ba, ya ci gaba da ɗan man da ya rage a bututu, sannan ya fara shaƙewa ya tsaya. Wannan ɗan tsakanin shi ne duk abin da na zo gani. Da na kalli waje a lokacin, da tafiyar ta tashi a banza, don da zarar inji ya tsaya duka ƙwayayen mutuwa suke yi.

Buba ya gangara gefe, fuskarsa ta yi kamar an aiko masa da rasuwa. Ya murɗa makulli, na gaba ya kama, na baya shiru. Ya buɗe ƙofa ya sauka, ya sunkuya ya ɗauki dutse.

Na ce, "Ajiye shi. Kada ka taɓa komai."

Na miƙa hannu daga inda nake zaune na murɗa makulli. Ƙwayaye biyu suka kama tare, famfo ya yi kuka a baya. Babu wanda ya bugi tanki, babu wanda ya taɓa waya. Na kashe na ce Buba ya shiga ya gwada. Ya zauna ya murɗa, na baya ya ƙi. Na ce ya fita. Na murɗa, ya kama. Ɗaya daga cikin dillalan ya fara salati. Tsohuwar ta ce, "Ai kuwa motar nan ba ta son yaron nan." Buba ya sunkuyar da kai, don abin da ake faɗa a tasha ke nan, ga shi yana gani da idonsa.

Na zagaya na shiga mazaunin direba da kaina, abin da ban saba yi ba. Ƙafata ko kusa ba ta kai kuloc ba, sai na kai hannu ƙasa zan jawo kujera gaba, kamar yadda kowa yake yi idan ya karɓi mota daga hannun dogon mutum. Hannuna yana kan ƙarfen na tsaya. Tasi'u gajere ne. Alhaji ma ba dogo ba ne. Kowannensu da ya shiga sai da ya jawo kujerar nan gaba. Mu kuma mutanen gareji ba ma zama a kujerar direba sam. Tun muna koyon aiki ake dukanmu a kan haka, don kada baƙin man da ke wandonmu ya ɓata wa mai mota wurin zama. Ta taga muke miƙa hannu mu tayar da inji, ko mu tsaya a bakin ƙofa. Duk garejin da motar nan ta shiga, har da nawa, an gwada ta ne babu kowa a kan kujerar. Mutum ɗaya ne a duniya yake tura ta har ƙarshen baya ya ɗora mata nauyinsa.

Na sauka na kwanta a ƙasa na leƙa ƙarƙashin kujerar. An tsaga kafet, an zaro wayar famfo ta wurin, an yanka ta, an sake murɗa bakunan biyu da hannu an naɗe da baƙar leda da salatif. Wanda ya yi aikin, don kada ta yi reto, sai ya saƙale ƙullin a jikin sifirin ɗin kujera. Idan kujera tana gaba wayar a sake take. Idan aka tura ta baya sai ta miƙe ta yi tauri. Mai nauyi ya zauna sifirin ya lotsa, a faɗa rami, sai bakunan su rabu da kamar kaurin gashi. Ya sauka ya je dukan tanki, kujera ta ɗago, su koma su taɓa juna. Dutsen bai taɓa gyara komai ba, saukar da yake yi ce take tayar da motar. Da na buɗe ledar, tagullar ta yi baƙi saboda tartsatsi, 'yan silla kaɗan ne suka rage suna riƙe.

Na nuna wa Buba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya fashe da dariya har yana riƙe ƙofa. Ya ce, "Baba, ashe ba ni ba ne!" Ya maimaita wa dillalan, ya maimaita wa tsohuwar, wadda ta ce ita dai a kai ta Gadaka kafin kasuwa ta watse.

Ban gyara a wurin ba. Na ɗauko wata waya na yi wa ƙullin gada ta wucin gadi, na bar shi yadda na same shi, don ina so Alhaji ya gani da idonsa. Muka kai fasinja, muka ɗebo wasu, muka dawo Potiskum Buba yana faɗawa rami da gangan yana murmushi.

Muka sami Alhaji Sabo a gaban shagonsa ana auna masa wake, Tasi'u yana gefensa. Bayan gaisuwa na cire gadar da na yi, na ce a zo a gani. Na sa Tasi'u ya shiga ya jawo kujera ya murɗa, ƙwai ya kama. Na sa Buba ya shiga ya tura ta baya ya jijjiga, ƙwai ya ɗauke. Sannan na roƙi Alhaji ya sunkuya ya leƙa. Ya tattare babbar rigarsa ya leƙa, ya ɗago.

Ya ce, "Ikon Allah. Nan ne wurin makullin ɓoye mai yanke wa famfo wuta. Ni na sa aka saka shi shekarun da ake yawan ƙwacen mota. Da ya fara ba ni wahala na sa wani a bakin kasuwa ya cire."

Na ce, "To ranka ya daɗe, ka ga mai laifin. Wanda ya cire ne bai sa dalma ba. Buba ba shi da hannu a ciki."

Alhaji ya gyaɗa kai. Ya kalli Tasi'u, ya kalli motar. Sannan ya ce, "Malam Garba, wato idan Tasi'u ne a kujerar ba ta mutuwa."

Na ce, "Alhaji, da zarar na sa mata dalma na mayar da wayar ƙarƙashin kafet, ko raƙumi ne ya zauna ba za ta mutu ba."

Ya ce, "Na ji. Amma da Tasi'u ne tun farko, da duk wannan wahala ba a sha ta ba. Kuma sunan motar ya riga ya ɓaci a tasha, fasinja ba sa shiga. Sai an canja hannu." Ya juya wajen Buba. "Yau ta mutu a hannunka ko ba ta mutu ba?"

Na buɗe baki zan ce ni na sa aka fita da ita don ta mutu, Buba ya riga ni. Ya ce, "Ta mutu, Alhaji."

Alhaji ya miƙa hannu. Buba ya zare makullin, ya rusuna ya ba shi da hannu biyu, ya ce ya gode da zaman da aka yi. Na yi magana, na ƙara, har masu auna wake suka tsaya suna kallona. Alhaji ya ce in yi haƙuri, ya riga ya yi wa maiɗakinsa alkawarin zai ba ƙaninta motar. Ban taɓa jin baƙin ciki a kan aikin da na gano ba sai ranar. Da garejin farko sun ɗauki ƙwan gwaji maimakon famfo, da ciwon bai daɗe ba har ya zama sunan mutum. Amma wa zai tsaya bin waya alhali ga famfo a shago?

Tasi'u ne ya kawo mini motar washegari. Na yanke ruɓaɓɓen wurin, na sa sabuwar waya, na zuba dalma, na rufe ta na mayar ƙarƙashin kafet inda masu ƙera ta suka ajiye ta. Aikin bai kai tsawon shan shayi ba. Irin wannan ɓangaren ne kuke gani a waya ku ce sana'ar mai sauƙi ce.

Buba yanzu keke mai ƙafa uku yake ja a Dogo Tebo, na wani ne, gwiwoyinsa suna dukan kan keken. Yakan tsaya ya gaishe ni idan ya biyo ta nan. Motar kuwa ba ta ƙara mutuwa ba ko sau ɗaya, kuma a tasha har yau cewa suke yi, tunda aka karɓe ta daga hannun Buba ta warke.